PIP: an ba Yaya maki 4, a ina aka samu matsala?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah waɗanda suka san harkar PIP, wato kuɗin tallafin da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar rashin lafiya, a nan Ingila ku taimaka min. Yayata ce, shekarunta 54, ciwon gwiwa ya cinye ta duka biyun ga suga ga hannun dama baya riƙe abu da kyau, mun cike mata fom aka kira ta a waya aka yi mata tambayoyi, yanzu wasiƙa ta zo wai maki 4 ta samu a ɓangaren hidimar yau da kullum 4 kuma a ɓangaren tafiya, wato babu ko sisi kenan. Matar da sallah ma a kujera take yi fa. Ni abin da ya ɗaure min kai ba su ga takardun asibiti bane, har hoton ƙashi mun tura

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Kafin komai duba kwanan watan da ke saman wasiƙar, wata ɗaya gare ku na neman a sake duba hukuncin kuma daga ranar da aka rubuta ake ƙirgawa ba ranar da ta iso gida ba

Maman Hanifa: amin na gode Baban Sadiq, satin da ya wuce aka rubuta ta

Anti Nas: Sannu Maman Hanifa. Ni dai ba ma'aikaciyarsu bace, nas ce a asibiti, amma na taya mutane da dama cike fom ɗin nan. Abin da mutanenmu ba sa ganewa shi ne PIP ba sunan ciwo ake biya ba. Mutum biyu za su kawo hoton gwiwa iri ɗaya sak, ɗaya ya samu ɗaya ya tashi a tutar babu, saboda abin da ake aunawa shi ne me kike iya yi wa kanki me kuma ya gagare ki. Abubuwa 12 ne. Goma na yau da kullum, girki, cin abinci, shan magani da kula da ciwo, wanka, bayi, sa kaya da tuɓewa, magana, karatu, hulɗa da mutane, sai lissafin kuɗi. Biyu na tafiya, ɗaya tsara tafiya da bin hanya ɗaya kuma takawa da ƙafa. Kowanne da makinsa sai a tara, maki 8 zuwa 11 ƙaramin mataki, 12 zuwa sama babban mataki, kuma kowane ɓangare lissafinsa daban ne ba a haɗa 4 ɗin can da 4 ɗin nan a ce an yi 8. Yanzu faɗa min, da aka kira ta kina wajen? me ta ce musu

Maman Hanifa: Ina wajen Anti amma ita ta yi magana. Matar ta ce mata ya jiki ta ce da sauƙi Alhamdulillah. Kina girki ta ce eh. Kina wanka da kanki ta ce eh. Da aka zo maganar bayi kam sai ta kalle ni ta ce wa matar ba matsala, alhali 'yarta ce ke kama ta ta miƙe, har ƙarfe muka sa aka kafa mata a bango. A wasiƙar maki 2 ne na girki saboda kujerar da take zama a kicin, 2 na sa kaya

Anti Nas: To ai ga matsalar nan. Wadda ta kira ta ba ta san Yaya ba, ba ta taɓa shiga gidanku ba, abin da aka faɗa mata shi ta rubuta. Kuma ba ita ke yanke hukunci ba, ita nas ce ko mai gashin ƙashi ko ma'aikaciyar motar asibiti da aka horar, rahoto kawai take rubutawa ta aika wa DWP, ma'aikatar gwamnati da ke biyan kuɗin, can wani jami'i ne zai karanta ya yanke kuma yawanci abin da rahoton ya ce shi yake bi. Bari in nuna miki abin da kunyar nan ta ci mata. Bayi, in kina buƙatar abin dafawa kamar ƙarfen nan maki 2 ne, in sai wani ya kama ki kin zauna ko kin tashi maki 4 ne. Wanka, in sai an taimaka miki shiga baho ko shawa da fitowa maki 3. Girki, in da kujera kawai kike buƙata 2 ne amma in sai wani ya yanka miki albasa ya sauke miki tukunya saboda hannun to 4 ne. A kowane abu mafi girman makin da ya dace da ke ake ɗauka. Ki lissafa da kanki ki gani. Ban ce za ta samu duka ba fa, sai in haka abin yake da gaske a gida

Hajiya Babba: Ni wallahi ban ga laifin baiwar Allahn nan ba. Mu ba a raine mu da raki ba. Mace da girmanta da jikokinta ta zauna tana faɗa wa baƙuwa a waya yadda take kama ruwa, gaban ƙanwarta? Ko likitana ban iya faɗa wa wasu abubuwan ba. Kuma mutum yana cikin ni'ima ya ce babu sauƙi ai butulci ne

Ɗan Fagge: Hajiya a nan ƙasar in kika ce da sauƙi sun rubuta kin warke 😂 Maman Hanifa shawarata ku koya mata ta faɗi ranar da ciwon ya fi tsanani kamar kullum haka take, ta ce ko tashi ba ta iyawa, haka kowa ke yi, in ba haka ba ba za ku ga ko kwabo ba

Malam Leeds: Ɗan Fagge ka ji tsoron Allah, wannan ai ƙarya kake koya wa mutane a bainar jama'a, kuɗin da aka karɓa da ƙarya ba halal bane ko a hannun wa aka karɓa. Ita kuma Hajiya da girmanki, bayyana ciwo ga wanda aka ɗora wa alhakin dubawa ba raki bane ba kuma rashin godiya bane. Annabi Ayyub da ake buga misali da haƙurinsa ai ya faɗa wa Ubangijinsa cuta ta shafe shi, yana nan cikin suratul Anbiya. Ta ce Alhamdulillah sannan ta ce 'yata ce ke ɗaga ni, duka biyun gaskiya ne

Ɗan Fagge: Malam ni ban ce a yi ƙarya ba, cewa na yi a faɗi ranar wahala

Malam Leeds: ka ce ta ce ko tashi ba ta iyawa, alhali tana tashi

Anti Nas: Shawarar Ɗan Fagge ko an ajiye maganar addini gefe ba ta da amfani, tana ma iya jawo matsala. Suna lura da komai, in gaba da gaba ne tun daga yadda kika taso daga ɗakin jira da yadda kika riƙe jaka, in a waya ne yadda kike amsawa. Kika ce ba kya iya tashi sannan can gaba kika ce kina zuwa Juma'a shikenan sun daina yarda da sauran maganarki. Kuma doka ma ba ta buƙatar ki ƙara gishiri. Ƙa'idar ita ce abin da yake faruwa a fiye da rabin kwanaki. Sannan ba a ƙirga cewa kina iya abu sai in kina yinsa ba tare da hatsari ba, kina yinsa yadda ya kamata, kina iya maimaitawa duk lokacin da ake buƙata, kuma bai ɗauke ki fiye da ninki biyu na lokacin da mai lafiya zai ɗauka ba. Wato in Yaya ta yi wanka da kanta amma sai ta yi awa guda kuma ta taɓa zamewa, a doka ba ta iya wanka ita kaɗai ba. Amsar eh ko a'a ita ke kashe mutanenmu, kamata ya yi ta ce eh amma, sannan ta faɗi amman

Maman Hanifa: Anti maganar Juma'ar nan ma an yi ta, ta ce tana zuwa masallaci da shago, ba ta ce a mota ake sauke ta a bakin ƙofa ba

Baban Sadiq: shi ya sa aka ba ta 4 a tafiya. 4 na nufin sun ɗauka tana iya taka fiye da mita 50 amma ba ta wuce 200. In tsakanin mita 20 da 50 ne ba sanda maki 8, in da sanda ko abin turawa maki 10, in ba ta wuce mita 20 to 12 ne. Ku fita waje ku auna da gaske daga ƙofar gida zuwa inda take tsayawa ta huta, kar ku yi kintace, yawancinmu ba mu san tsawon mita 50 ba

'Yar Katsina: Bari in sa baki tunda ni abin ya faru a kaina. Sikila gare ni, kuma kun san halinta, yau kina lafiya kina dariya gobe kina kwance ko kofi ba kya iya ɗagawa. Ranar da aka yi min gwajin na tashi garau, to me za su gani? An hana ni, na nemi a sake dubawa ba a canja komai ba, sai da na je tiribunal, wato kotun ɗaukaka ƙara ta irin wannan harkar. Abin da ya taimake ni littafi ne na saya nake rubuta kowace rana, yau ciwon ya tashi a baya da ƙafa, wa ya dafa abinci, wa ya taimaka min wanka, maganin da na sha da yadda ya sa ni barci. Saboda ba kwanakin asibiti kawai ake ƙirgawa ba, har kwanakin gajiyar da ke biyo baya. A tiribunal mutum uku ne, alƙali da likita da wani wanda ya san harkar nakasa, ba ma'aikatan DWP bane kuma ba a biyan kuɗi. Wallahi na shiga jikina na rawa na ɗauka irin kotun da muka sani ce, ashe tebur ne kawai ana tambayarki a natse. Da suka yanke aka biya ni tun daga ranar da na fara nema

Hajiya Babba: Allah sarki 'yata, Allah ya ƙara sauƙi. Amma likitan namiji ne ko mace

'Yar Katsina: namiji ne Hajiya, na daure na faɗa, in ban faɗa ba wa zai faɗa min

Anti Nas: Hajiya akwai hanyar rage kunyar, abin da ya yi nauyi a baki a rubuta shi a takarda, kuma 'yar da ke kula da ita ta rubuta nata bayanin ta sa hannu, shi ma shaida ne ana karɓa. A wajen gwaji ana iya roƙon a haɗa ki da mace in aka nema tun da wuri, ana iya neman tafinta, ana iya zuwa da wani, ana iya neman a naɗi muryar zaman. Maman Hanifa ga abin da za ku yi yanzu. Ku kira ku nemi kwafin rahoton gwajin, PA4 sunansa, ku karanta layi layi. Sai ku rubuta neman a sake dubawa, MR suke ce masa, akwai fom CRMR1 ko wasiƙa ma ta isa, amma kar rahoton ya makara ku ce sai ya zo, ku fara shigar da buƙatar. Ku bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, a bayi an ba ta 0 ga abin da yake faruwa ga makin da muke ganin ya dace. Takardar likita da ta ce tana da ciwon gwiwa kawai ba ta ƙara komai, sun riga sun yarda tana da shi, wadda ke da amfani ita ce ta mai gashin ƙashi ko waɗanda suka zo suka duba gidan kafin a kafa ƙarfen. Kuma ku je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba mutane shawara kan irin wannan, kyauta ne

Baban Sadiq: kar ku karaya in MR bai canja komai ba, mafi yawa ba sa canjawa a wannan matakin. Daga nan wata ɗaya gare ku na ɗaukaka ƙara da fom SSCS1 ko ta intanet, ku zaɓi a saurare ku baki da baki kar ku ce a duba takardu kawai. A shekarun nan wajen biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da tiribunal ta saurara mai nema ne ke cin nasara. Abu biyu kawai ku sani, yadda take a ranar da aka yanke hukuncin farko suke dubawa ba yadda ta koma daga baya ba, sannan suna da ikon ragewa kamar yadda suke da ikon ƙarawa, duk da ita Yaya ba ta da abin da za a rage mata. Tafinta kuma su ke kawowa, ɗan uwa baya yi miki fassara a can

Alhaji Mai Tasi: Ni kuma bari in faɗi abin da ba a so. Muna tuƙi dare da rana ana cire mana haraji, mutum sama da miliyan 3 da rabi na karɓar PIP a Ingila da Wales, kuɗin kullum ƙaruwa yake, dole gwamnati ta tsaurara. Ba da Yayar Maman Hanifa nake ba amma irin shawarar Ɗan Fagge ita ke ɓata wa masu gaskiya

'Yar Katsina: Alhaji nima ina aiki ina biyan harajin nan, PIP ba kuɗin zaman banza bane, ba ruwansa da albashinki ko ajiyarki, na ƙarin kuɗin da ciwo ke jawowa ne, ni hita kaɗai a lokacin sanyi ka san nawa take ci min? in na bar gidan ya yi sanyi asibiti zan kwana

Baban Sadiq: kuma alƙaluman DWP da kanta na shekarar 2024 zuwa 2025 sun nuna zamba a PIP ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Tsaurarawar da kake magana an gwada, a watan Maris 2025 Liz Kendall, ministar DWP a lokacin, ta kawo tsarin cewa sai mutum ya samu aƙalla maki 4 a abu guda kafin a ba shi na yau da kullum, wato mai tara 2 da 2 da 2 da 2 ya fita kenan. 'Yan majalisar Labour da kansu suka yi bore, a watan Yuli aka cire wannan sashen daga ƙudurin aka ce a jira nazarin da minista Stephen Timms zai jagoranta kan PIP

Alhaji Mai Tasi: to zambar da aka kama kenan, wadda ba a kama ba fa

Ɗan Fagge: Alhaji kai dai ka ci gaba da tuƙi Allah ya tsare bayanka, ranar da ya riƙe za ka zo nan kana tambayar Anti Nas maki nawa ne 😂

Alhaji Mai Tasi: bakinka ya sari ɗanyen kashi

Amaryar Bradford: Don Allah nawa ne ma kuɗin? kuma ni da na zo da bizar aikin kula da tsofaffi bayana na damuna sosai zan iya nema

Anti Nas: Ƙanwata kar ki kuskura sai kin duba sharaɗin bizarki. In an rubuta ba ki da damar cin kuɗin gwamnati, kuma yawancin bizar aiki da ta karatu haka suke, to PIP na cikin abin da aka hana, nema zai iya ɓata miki sabunta biza ko neman zaman dindindin. Ko wanda ke da dama ma sai ya kasance ya zauna a ƙasar shekara 2 cikin 3 da suka wuce, 'yan gudun hijira da aka ba mafaka ne aka ɗauke wa wannan. Kuma ciwon sai ya kai wata 3 yana damunki ana kuma sa ran zai ƙara wata 9. Kuɗin a shekarar 2025 zuwa 2026 a sati, na yau da kullum fam 73.90 ko 110.40, na tafiya fam 29.20 ko 77.05, duk sati huɗu ake biya kuma ba haraji a kai. Ke dai je ki ga likitanki kan bayan nan, ki kuma yi wa wajen aikinki magana kan ɗaga mutane

Amaryar Bradford: innalillahi, gara da na tambaya, wata ce ta ce min kowa na iya cikewa

Bazazzagin Glasgow: a lura mu nan Scotland ba PIP bane yanzu, tun 2022 aka koma ADP, tallafin nakasa na manya, makin iri ɗaya ne amma hukumar Scotland ce ke dubawa kuma ba kamfani ake ba kwangilar gwajin ba, sau da yawa ma daga takardu suke yankewa

Ɗan Damagaram: mu a Faransa AAH ne sunan tallafin, ofishin masu nakasa na yanki da ake kira MDPH ake kai takardu wani kwamiti ya yanke kashi nawa ne nakasar, 80 cikin 100 ko kuma 50 zuwa 79 in ta hana ka aiki sosai, amma namu ana duba abin da kake samu, tun Oktoba 2023 dai aka daina haɗawa da albashin miji ko mata. Kunyar nan kuwa ɗaya ce, tsofaffinmu ma ça va, wato lafiya lau, suke cewa ko suna mutuwa

Kawu Na Kano: ina karanta ku daga gida ina jinjina kai. Mu nan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci Buhari ya sa mata hannu a Janairu 2019, an kafa hukumarsu a 2020, amma wani kuɗi da za a auna ka a riƙa biyanka duk wata don kana da nakasa babu shi a matakin tarayya. Sai dai wanda ya ji rauni a wajen aiki, shi akwai dokar diyya ta 2010 a ƙarƙashin NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, ita ma sai in mai kamfanin yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata

Maman Hanifa: Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya biyu ta ƙarshe, 'yar tata da ke kula da ita akwai abin da za ta samu? sannan Yaya na son zuwa gida bikin ɗanta a Zariya, tafiyar za ta ɓata maganar?

Baban Sadiq: in Yaya ta samu na yau da kullum ko ƙaramin ne, 'yar na iya neman Carer's Allowance, wato kuɗin mai kula da mara lafiya, in tana kula da ita awa 35 a sati, amma ba a ba ɗalibar da ke karatu cikakken lokaci kuma akwai iyakar abin da za ta riƙa samu a aiki, fam 196 a sati a 2025 zuwa 2026. Tafiya kuma ana iya fita har sati 13 ba a tsayar da PIP ba, sati 26 in magani aka je nema, ku dai sanar da su kafin ta tashi

Anti Nas: kuma ku bar wani yana buɗe wasiƙun gidan, in amsar MR ta zo tana Zariya wata ɗayan nan na tiribunal ba zai jira a gama biki ba. A filin jirgi ku nema mata keken turawa tun wajen sayen tikiti, ku ajiye takardar da ta nuna an ba ta, ita ma a saka cikin fayil